Lesin Lissafi da Fiziks ta Intanet: Me Iyaye Za Su Sa Rai Su Gani?

Gabatarwa

A gidaje da yawa babu takardar da ke kawo shiru kamar sakamakon ƙarshen zango, sa'ad da uba ya duba ya ga jan biro a gaban lissafi da fiziks. Ga yaro yana cewa likita zai zama ko injiniya, ga shi ya kai aji biyu na babbar sakandare, amma darussa biyun da za su buɗe masa ƙofar jami'a sun ƙi shiga. Abin da aka saba a dā shi ne a nemi malamin lesin a unguwa, ya riƙa zuwa da yamma. Yanzu an sami wata hanya: malami yana Legas ko Abuja, ko ma wata ƙasa, yaro kuwa yana zaune a falo a Kafanchan ko Numan, suna ganin juna ta waya ko kwamfuta. Abin ya yaɗu ne tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris, ɗaliban ajin ƙarshe ba su koma ba sai watan Agusta.

Iyaye da dama suna biyan kuɗin irin wannan lesin ba tare da sun san abin da ya kamata su samu ba. Wasu suna zaton da zarar an haɗa yaro da waya sai makinsa ya tashi. Wasu kuma sun gwada wata ɗaya, ba su ga canji ba, suka janye. Darasinmu na wannan fitowa zai taimake mu mu san abin da za mu nema, ko da mu kanmu ba mu yi nisa a lissafi ba.

Abu uku ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce “karatu ta intanet”, wajibi ne mu tambaya: wane iri? Akwai darussan bidiyo da aka ɗauka aka ajiye, yaro ya kalla lokacin da ya ga dama. Khan Academy irin wannan ce, kuma kyauta ce. Mai ita, Salman Khan, ya fara ne a 2004 da koya wa wata ’yar’uwarsa lissafi daga nesa, kafin ya soma sa bidiyo a YouTube a 2006. A gida kuma akwai uLesson, wadda Sim Shagaya ya kafa a 2019, ta kuma fara aikinta a Jos. Na biyu shi ne babban aji, inda malami ɗaya yake magana da yara hamsin ko ɗari ta Zoom ko WhatsApp. Na uku shi ne malami da yaro ɗaya, ko yara uku zuwa huɗu, suna aiki tare kai tsaye.

Dukansu suna da amfani, amma na ukun ne kaɗai ya cancanci a kira shi lesin, kuma a kansa za mu fi tsayawa. Bidiyo ba ya ganin littafin yaro. Malamin da ke gaban yara ɗari ma ba ya gani. Kada a karɓi kuɗin na uku a hannunku a ba ku na biyu.

Aikin farko: a nemo inda igiya ta tsinke

Lissafi ya bambanta da sauran darussa ta hanya ɗaya mai muhimmanci. Yaron da bai zo makaranta ba ranar da aka koyar da wani babi na tarihi, yana iya gane babi na gaba. Lissafi kuwa gini ne, bulo a kan bulo. Wanda bai gane rabi da sulusi da rubu’i a firamare ba, zai sha wuya a aljabara. Wanda aljabara ta gagara, fiziks zai zama masa kamar baƙon harshe, domin kusan kowace tambaya ta fiziks tana ƙarewa ne da juya lissafi. Saboda haka sau da yawa yaron da ake kuka da shi a aji biyu na babbar sakandare, matsalarsa tana can baya, shekara huɗu ko biyar da suka wuce.

Malamin kirki ba zai fara da babin da ake kai a makaranta ba. A zama na farko ko na biyu zai gwada yaron da tambayoyi masu sauƙi, yana komawa baya har ya sami inda ƙafar yaron take tsaye. Ga misali da kowane gida zai iya gwadawa a daren yau. Ku ce wa yaro ya haɗa 1/2 da 1/3. Yara da yawa, har da ’yan sakandare, za su rubuta 2/5, domin sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Amsar gaskiya ita ce 5/6. Malamin da ya san aikinsa ba zai ce “ba daidai ba ne” kawai ya faɗi amsa ba. Zai tambayi yaron: “Kana da rabin burodi, aka ƙara maka, yaya kuma abin da ke hannunka ya koma bai kai rabi ba?” Domin 2/5 bai kai rabi ba. Da wannan tambaya yaron zai ga kuskurensa da idonsa, kuma da wuya ya sake yinsa.

A nan ne iyaye sukan yi fushi. Uba ya leƙa ya ga ana koya wa ɗansa na sakandare abin ’yan firamare, sai ya ce ana cin kuɗinsa a banza. A ganina, wannan ce alama mafi kyau da za ku gani a makon farko. Malamin da ya kamata ku yi shakkarsa shi ne wanda ya buɗe tsofaffin takardun jarrabawa tun ranar farko, yana warware su ɗaya bayan ɗaya, yaro yana kallo yana gyaɗa kai.

Bayan gwajin, ku nemi malamin ya faɗa muku da baki, cikin harshen da kuke ji, abin da ya samu. “Yaron ba shi da ƙoƙari” ba bayani ba ne. Bayani shi ne ya ce: “Tana iya tarawa da ninkawa, amma tana rikicewa idan lamba ta yi ƙasa da sifili, kuma ba ta iya juya lissafi ta fitar da abin da ake nema ba. Za mu yi mako uku a kan waɗannan.”

Hannun wa ke riƙe da biro?

Ko ba ku san lissafi ba, kuna iya auna lesin da ido da kunne. Ku zauna kusa na minti ashirin. Wa ya fi magana? Hannun wa ke rubutu? Idan muryar malami kawai kuke ji, yaro sai “i, malam, na gane”, to wa’azi ake yi masa, ba lesin ba. Lissafi kamar tuƙin keke ne ko ɗinki. Kallon gwani ba ya sa a iya. Yara kuma sun ƙware wajen cewa sun gane, don kunya ko don a rabu da su, balle ma a waya inda malami ba ya ganin fuskarsu da kyau.

Wannan ne babban raunin lesin ta intanet, kuma dole a yi masa dabara. Malamin da ke zaune kusa da yaro yana ganin bakin biro yana tafiya, yana iya tsayar da shi a daidai layin da ya kauce. Na nesa ba ya gani sai an nuna masa. Mafita ba ta da tsada: a jingina waya a kan tarin littattafai ko a rataye ta yadda kyamara za ta kalli takardar yaron, ko kuwa yaron ya ɗauki hoton aikinsa bayan kowace tambaya ya aika nan take. Malamin da bai taɓa neman ya ga rubutun yaron ba, amsa kawai yake tambaya, ba ya yin aikin da aka ɗauke shi domin sa.

Akwai dalilin jarrabawa a nan. A takardar lissafi ta biyu ta WAEC, wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, dabam da makin amsar ƙarshe. Yaron da ya bi matakai daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai kwashi maki. Wanda ya rubuta amsa tsurarta zai iya rasa mafi yawa. JAMB kuwa wani abu dabam take nema. Tun 2015 jarrabawarta ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗaya tana neman tsari, ɗaya tana neman sauri, kuma ya kamata malamin ya san wadda yake shirya yaronku dominta. Ku tambaye shi ko yana bin manhajar WAEC da NECO da JAMB. Akwai ƙwararrun malamai da suka saba da manhajar Ingila ko ta Amurka. Ilminsu na gaske ne, amma jerin babobinsu da irin tambayoyinsu ba namu ba ne. WAEC tana kuma sa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet kyauta, inda ake bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi kowace shekara. Malamin da bai taɓa jin labarinsa ba, ku nuna masa.

Abin da bincike ya nuna

Masana sun daɗe suna auna amfanin lesin. A 2020 wasu masana uku daga Amurka da Kanada suka tattara gwaje-gwaje 96 da aka yi a kansa, suka ga cewa yana daga cikin hanyoyin da suka fi ɗaga karatun yara, kuma ya fi ƙarfi idan ana yinsa akalla sau uku a mako, a hannun wanda aka horar. Wannan darasi ne ga masu tara awa huɗu a ranar Asabar kaɗai. Gwamma minti 45 sau uku a mako da zama ɗaya mai tsawo wanda yaro zai ƙare shi yana hamma.

Binciken da ya fi kusa da halinmu an yi shi ne a Botswana a 2020, lokacin kulle. An riƙa aika wa iyalai tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, wasu kuma aka ƙara musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20, malami yana bi da yaro ta cikin tambayoyin. Yaran firamare ne, wayoyin kuma ƙanana ne, babu bidiyo. Waɗanda aka riƙa kira sun ƙaru a lissafi ƙwarai; saƙon tes shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba. Abin lura shi ne, ba tsadar na’ura ce ta kawo ci gaban ba. Mutum ne da yake sauraron yaro yana aiki.

Yanzu ga manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda za a ɗauki hoton tambaya su warware ta cikin ƙiftawar ido. An gwada wannan a Turkiyya da ɗaliban sakandare kusan 1,000, aka fitar da sakamakon a 2024. Waɗanda aka bar su da manhajar ba tare da wani shinge ba sun fi takwarorinsu da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisaye. Da aka ɗauke ta aka ba su jarrabawa, sai suka faɗi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Wani rukuni da aka saita wa manhajar ta riƙa ba su haske kawai, ba cikakkiyar amsa ba, bai yi irin wannan faɗuwa ba. Saboda haka idan aikin gida na yaronku ya koma fes babu kuskure ko ɗaya, amma gwajin aji bai motsa ba, ku karɓi wayar ku ba shi tambaya ɗaya ya yi a gabanku.

Yaushe za a ga canji?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye da yawa sai watan Maris suke neman malami, WAEC kuwa tana farawa wajen Mayu. A irin wannan ƙurarren lokaci abin da malami zai iya shi ne ya ƙarfafa babobin da yaron ya ɗan sani, ya koya masa tsara amsa da kiyaye lokaci. Giɓin shekara huɗu ba ya cikuwa cikin mako takwas. Lokacin da ya fi dacewa shi ne aji ɗaya na babbar sakandare, sa’ad da aka fara fiziks, ko ma kafin nan.

Canjin farko ba a takardar sakamako yake bayyana ba. Za ku ga yaron da dā yake rufe littafi da zarar ya ga tambaya, yanzu yana zama da ita yana gwadawa. Zai fara cewa “a nan ne na tsaya” a maimakon “ban iya komai ba”. Maki yakan biyo baya, sau da yawa bayan zango guda ko biyu. Amma idan an yi zango cur, malami ba ya iya nuna muku abin da yaron ya iya yanzu wanda bai iya ba a dā, kuna da iko ku nemi wani.

Duk wanda ya yi muku alkawarin A1, ku yi hattara da shi. Babu malamin da ke da wannan a aljihunsa. Wasu masu irin wannan alkawari, abin da suke sayarwa a ƙarshe shi ne amsoshin sata da ake turawa ta waya a daren jarrabawa. Dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta haramta wannan, hukumomin jarrabawa kuma suna riƙe sakamako ko su soke shi. Ga iyalin Kirista ma maganar ba ta tsaya ga doka ba: uban da ya biya kuɗin satar amsa ya koya wa ɗansa wani darasi da zai daɗe a zuciyarsa fiye da lissafi. Yaron kuma zai shiga jami’a ya tarar da lissafin da ya guje wa yana jiransa a shekarar farko.

Kuɗi, wuta da tsaron yaro

Kuɗin malami ba shi ne duka kuɗin ba. Kiran bidiyo na awa ɗaya yana iya cin rabin giga na data ko fiye, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ku lissafta wannan tun farko. Ana iya rage shi idan aka kashe bidiyon fuska aka bar murya da hotunan aiki. Ku yi yarjejeniya kuma a kan abin da zai faru idan aka ɗauke wuta ko layi ya katse: za a rama lokacin ne, ko ya tafi? Kada ku biya kuɗin zango gaba ɗaya ga wanda ba ku gwada ba. Ku tambayi abin da ya karanta, da ko yana da rajista da hukumar malamai ta TRCN, ku kuma nemi magana da wasu iyaye da ya yi wa aiki. Idan kuɗin ya fi ƙarfin gida ɗaya, iyalai uku ko huɗu masu yara a aji ɗaya suna iya haɗa kai su ɗauki malami guda. Ƙaramin rukuni irin wannan yana aiki, muddin ana ganin littafin kowa.

Maganar tsaro gajeriya ce amma ba ta wasa ba ce. Wanda ke cikin waya baƙo ne da kuka shigar gidanku. A yi lesin a falo ko inda mutane ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki da ƙofa a rufe ba. Lambar uba ko ta uwa za a ba malami, duk saƙo kuma ya bi ta inda iyaye za su gani. Malamin da ya fara neman hira da ’yarku ko ɗanku da dare, ko yana neman hoton da ba na aikin makaranta ba, a sallame shi a ranar.

Abin da waya ba za ta iya ba a fiziks

Fiziks na WAEC da NECO yana da takardar gwaji da hannu. A nan za a sa yaro a gaban kayan aiki: ya auna da ma’auni, ya haɗa wayoyin lantarki da batir, ya kafa allurai ya bi hanyar haske ta cikin gilashi, ya cika jadawali, ya zana layin sakamako. Malamin intanet zai iya koya masa cika jadawali da zanen, zai iya kuma nuna masa gwaje-gwajen kwaikwayo na kyauta irin na PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya fara a Jami’ar Colorado a 2002. Suna da kyau ƙwarai wajen gane yadda lantarki da haske suke aiki. Amma hannun da bai taɓa ɗaura waya a jikin batir ba zai yi rawa ranar jarrabawa. Ku bi makarantar yaron ku tabbata ana shigar da su ɗakin gwaji. Wannan ba abin da za a bar wa malamin nesa ba ne.

Duk da haka malami mai basira zai sa yaron ya tashi daga kan kujera. Ga gwaji ɗaya da ake yawan kawowa a jarrabawa, wanda kuma iyali duka za su iya yi tare. A sami zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗaura ƙaramin dutse ko kwaɗon ƙofa a ƙarshensa, a rataye shi a ƙusa ko reshen itace. A ja shi gefe kaɗan a saki, ya riƙa lilo. Da agogon waya, a ƙirga zuwa da dawowa sau 20. Za a sami kimanin daƙiƙa 40, wato daƙiƙa biyu ga kowane zagaye. Sai a tambayi kowa a gidan, daga kaka har auta: idan aka sa dutsen da ya fi wannan nauyi, lilon zai ƙara sauri ko zai rage? A bar kowa ya faɗi nasa, sa’an nan a gwada. Lokacin ba zai canja ba, in ban da ɗan kuskuren hannu. Bayan haka a rage zaren ya koma santimita 25, wato rubu’in tsawonsa na farko. Zagaye 20 za su ɗauki kimanin daƙiƙa 20, rabin na dā ke nan, ba rubu’i ba. Yaron ya rubuta abin da ya samu a jadawali, ya ɗauki hotonsa, ya kai wa malaminsa a zama na gaba tare da tambayar: me ya sa aka rage zare zuwa rubu’i, lokaci kuwa ya ragu zuwa rabi kawai? Ku zauna kusa ku ji yadda malamin zai bi da ita.